Ragar da Ta Jira Kuɗi a Shifa

Maiwada mai walda ne a wani kamfanin ƙarfe da ke unguwar Shifa, kudancin Riyad. Mutumin Yawuri ne, ya daɗe a Riyad, har 'yarsa Mubina ta fi iya Larabci a kan Hausa. Shi ya nemo wa Shakir, ƙanen matarsa Shafa'atu, biza da aiki a kamfanin.

A shekarar, kamfanin ya samu kwangilar gwamnati: za a killace wurin wanka a wani ƙaramin gari na bakin Bahar Maliya da raga mai ƙarfi, don kada kifin shak, wanda Larabawa ke ce wa ƙirsh, ya riƙa kaiwa ga masu iyo. A Riyad ake haɗa ragar, can kuma a kafa turakun da za su riƙe ta. Da mudir, wato manajan kamfanin, ya ji Shakir ɗan masunta ne, ya iya nutso, nan take ya sa shi cikin masu tafiya.

"Yaya, ruwa fa zan koma," in ji Shakir yana dariya. "Ka ce wa Yaya Shafa'atu ta daina ɓata rai."

An kafa turaku, sai kuɗin kashi na biyu ya tsaya a wani ofis. Ragar da su Maiwada suka gama ta zauna jibge a bayan kamfani, rana na dukanta, babu kuɗin motar da za ta ɗauke ta. Duk wanda ya tambaya, mudir ya ce, "Bukura, in sha Allahu," wato sai gobe. Can kuwa ba a bar ma'aikata sun zauna ba. Kullum sai sun nutsa sun kankare gansakuka daga jikin turaku, kada masu duba aiki su zo su ce an yi watsi da wuri.

Wata ranar Talata, bayan azahar, mudir ya kira Maiwada ofis. Bai taɓa ba shi kujera ba sai ranar. Ya ce ƙirsh ya kama Shakir a cinya yana cikin ruwa, abokan aikinsa sun fito da shi, amma jini ya ƙare kafin a kai asibiti. Ya ce saboda zafi da nisa, can za a rufe shi.

Maiwada bai san yadda ya isa gida ba. Ya tarar da Shafa'atu tana tsince shinkafa.

"Baban Mubina, lafiya ka dawo yanzu?"

Ya tsaya a bakin ƙofa. Ta dube shi, ta ajiye tiren a hankali, ta ce, "Shakir ne ko?" Daga nan sai ta juya ta fuskanci bango.

Ko mako ba a yi ba, labarin ya kai inda ya kamata, aka saki kuɗin. Tireloli suka cika harabar kamfani. Maiwada na cikin waɗanda suka loda ragar, don in ya ƙi, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, na hannun kamfanin, ga mata ga 'ya. Ya nemi izini ya bi motocin ya ga kabarin, mudir ya ce aiki ya yi yawa yanzu, sai an gama.

Ranar Juma'a surukarsa ta kira daga Yawuri. Tsohuwar ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zarge shi ba. Ta yi masa gaisuwa kamar shi ne ya yi rashin, sannan ta ce abu ɗaya take so ta sani.

"Maiwada, wa ya yi masa wanka? Musulmi ne dai ko?"

"Musulmi ne, Inna."

"Ya sunansa? In riƙa sa shi a addu'a."

Maiwada ya riƙe wayar a kunne, ya dubi Shafa'atu da ke zaune a ƙasa tana jiran amsar ita ma. Bai sani ba. Babu wanda ya gaya masa, shi kuma bai tuna ya tambaya ba.