Allura a Tsaga ta Uku

"Kashe shi, Abdulbaƙi! Kashe shi, kana shaƙe shi."

Muryar Baba Mijinyawa ce daga taga. Na danna maɓalli, babur ɗin ya yi tari sau biyu ya mutu. Shuɗin hayaƙi ya tsaya a tsakar gidan hayarmu na unguwar Adjamé Liberté a Abijan, matan da ke wanki suna kaɗa hannu suna tsaki.

Shekara goma sha ɗaya ɗakinsa na kallon nawa. Da wannan babur mai dogayen ƙafafu yake shiga gonakin goro na bayan Anyama, ta hanyoyin da mota ba ta bi. Injinsa irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai ne, mai zafin rai: da ka murɗa sai ya zabura. Tun da ciwon zuciya ya kwantar da Baba, hannuwansa suka daina iya riƙe wannan zabura.

"Da ƙuruciya ina son ya yi tsalle," ya ce mini ran da ya ba ni aikin. "Yanzu so nake ya ja a hankali. In ka hau saiwar itace bayan ruwa, ƙarfi ba ya ceton ka, laushi ke ceton ka. Gyara mini shi. Sau ɗaya kawai zan koma in ga itatuwan."

Gyaran janareto nake yi, kuma da kaina na koya. Na ƙara wa injin nauyi a gefen da ke juyawa, na sake cusa auduga a salansa. Abin da ya rage shi ne allurar kabureta, wadda ke auna man da injin ke sha. Tsaga biyar gare ta, kuma na san inda ya kamata ɗan ƙarfen da ke riƙe ta ya zauna.

Sai 'yarsa Saudatu ta zo daga unguwar Treichville da kwanon abinci. Ta ja ni bakin ƙofa.

"Yaya Abdulbaƙi, don Allah kada babur ɗin nan ya gyaru. Doktur ya ce ko matakala kada ya hau. In ya faɗi a daji, wa zai ɗauko shi?"

"In yi masa ƙarya ke nan?"

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Ka dai yi ta gyara."

Na yi ta gyara. Na sa ƙarfen a tsagar ƙarshe, allura ta ɗaga, mai ya yi wa injin yawa. Kullum da la'asar in tayar da shi, ya yi ta kakari, buji, wato fulogi, ya yi baƙi, in girgiza kai a gaban taga. Mako uku ina haka. Ina gaya wa kaina rai nake tsarewa. Amma duk sanda na durƙusa gaban babur ɗin, ba na iya ɗaga ido.

Ran nan da ya ce in kashe, sai ya ƙara da cewa, "Shigo."

Yana jingine da matashi, ƙafafunsa sun kumbura. Ɗakin na warin man zafi da busasshen ganyen da ake naɗe goro.

"A tsaga ta nawa ka sa?"



"Ta biyar," ya ce. "Tun ranar farko na ji. Shekara talatin ina sauraron injin nan, kai kuma ka zo za ka yi mini wayon 'yan Abijan. Saudatu ce, ko?"

"Baba, tsoro take ji."

"Na sani. Shi ya sa na bar ku. Na ce bari in ga wanda zai fara gajiya, ni ko kai." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ya dubi ƙafafunsa. "Makon farko da na iya zuwa. Yanzu ko birki ba zan taka ba."

  Na sha juya maganar: da na gyara tun farko, wataƙila da a ƙarƙashin itacen goro ya faɗi, ni ne sila. Ban gyara ba, ya rasa abu ɗaya tak da ya roƙe ni. Kowane gefe na tsaya, ɗayan na kallona.

"Jeka mayar da ita ta uku," ya ce. "Aƙalla in ji."

Minti goma aikin ya ɗauke ni. Na sa sabon buji, na taka sau ɗaya. Ya tashi. Na murɗa kaɗan kaɗan, sautin ya hau sumul, ba kakari, ba zabura. Matan gidan suka ɗago kai.

"Yawwa!" in ji Baba daga ciki. "Ka ji shi? Haka yake hawa gangaren rafi. Akwai wata kwana, da ka sha ta sai sanyi ya buge ka, ƙasa ja, ganye na ɗiga. Ran Asabar kai za ka tuƙa, ni ina baya. Saudatu ta yi ta faɗanta."

"To, Baba. Asabar."

Ran Laraba numfashinsa ya sarƙe. Muka sa shi a taksi zuwa asibiti a Treichville. A kan gada ya buɗe ido ya dubi ruwa, ya tambaye ni ko na rufe famfon mai. Na ce na rufe. Ran Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Ran Asabar, bayan masu gaisuwa sun ragu, Saudatu ta same ni tsaye gefen babur ɗin. Idanunta sun kumbura.

"Yaya, ya sani?"

"Ya sani. Bai yi fushi da ke ba."

Ta shafa sirdin da yatsa. "Tayar mini da shi."

Na buɗe famfon mai, na taka. Muka tsaya muna sauraro, yana bugawa a hankali a ƙarƙashin tagar, labulen na motsi. Jar lakar dajin da ta bushe a jikin ƙafar baya tana zubowa kaɗan kaɗan a kan siminti.