Masu Ɗaga Hagu

"A sake," in ji Malam Teng. "Pang, wannan hannu ne ko busasshen reshe? Miƙe shi!"

Hannaye suka sake tashi, ajin gaba ɗaya. Tsarin ba sabo ba ne, kowace makaranta a gundumar ta san shi. Ranar da masu duba malamai za su zo, kowane ɗalibi zai ɗaga hannu a kowace tambaya. Wanda ya san amsa ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Malami ya kira na dama, baƙi su ga yara masu ƙishirwar ilimi, kowa ya tafi cin abincin rana.

"Malam, in na manta wanne ne hagun fa?" in ji Pang daga kujerar baya.

"Wanda ba ka riƙe tsinken cin abinci da shi. Wannan kam ba za ka manta ba."

Darasin yau a kan kalmar Turancin nan ne, "take". Shekara ashirin da ɗoriya Teng yana koyar da ita. Ya san da ita Bature yake shan magani, da ita yake hawa bas, da ita yake wanka, da ita yake ɗaukar hoto, kamar wanda aka yi wa rowar kalmomi. A takardar jarrabawa babu lungun da za ta ɓuya masa. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba: zama ya yi hira da Turanci. Jarrabawa ba ta tambayar baki, shi ma bai ga dalilin shisshigi ba.

Hedimasta Kuang ya tare shi a baranda yana hura shayinsa.

"Tsoho Teng, ka dai san zancen. In masu duba malaman suka yaba, ajinka naka ne har ka yi ritaya. In ba su yaba ba, ɗakin karatu yana neman mai kula da shi."

"Wanda kullum yake a kulle?"

"Shi ya sa aikin ba wuya."

Ba a jima ba baƙin suka iso, suka zauna a bayan aji. Shugabarsu Darakta Nie ce, mace mai tabarau, wadda Turancin dukan gundumar yake hannunta. Kusa da ita Malam Shao, wanda ya yi karatu a Ingila, kuma ba ya bari a manta da hakan.

Darasi ya tafi sumul. Teng ya tambaya, hannaye suka tashi, ya kira na dama, amsoshi suka zubo yadda aka dafa su. Pang ya riƙe hagunsa a sama da fuskar mai roƙon a kira shi. Har Teng ya fara tunanin taliyar da zai ci a bakin ƙofar makaranta.

Sai Malam Shao ya miƙe.

"Malam Teng, bana an ƙaro abu ɗaya. 'Yar hira da malami, da Turanci, a gaban ɗalibansa. Babu damuwa ko?"

Bai jira amsa ba ya fara. Magana ta zubo, ba waƙafi ba aya, kalma tana haɗiye kalma. Teng ya kasa kunne iyakar ƙarfinsa. Can a tsakiya ya ji kalmar "take" ta wuce a guje, kamar bas ɗin da ya cika bai tsaya ba. Shao ya yi shiru yana murmushi. Ashe tambaya ce.

Teng ya dubi allo. Duk abin da ya sani yana can a rubuce da alli, layi bayan layi, babu wanda ya sauko ya taimake shi. Hedimasta ya shiga nazarin ganyen da ke cikin shayinsa.

Bai san lokacin da hannunsa ya tashi ba. Na hagu, ɗan kaɗan, daidai kafaɗa.

Babu yaron da ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi masa sauƙi.

Darakta Nie ta dubi hannun, ta dubi agogonta.

"Malam Shao, muna da wata makarantar kafin rana ta yi. Na ga abin da ya ishe ni."

A baranda ta ja baya har sauran suka yi gaba.

"Malam, ba ka gane ni ba. Nie Xiaolan. Layin taga, kujerar ƙarshe."

Ya dube ta da kyau. Fuskokin 'yan dama kawai yake riƙewa.

"Shekara uku ina ɗaga hagu," ta ce. "Ko sau ɗaya ba ka kira ni ba. Har yau ban san ko godiya ya kamata in yi maka ba. Ajinka dai yana nan, kada ka damu."

"Na gode, Darakta." Ya rage murya. "Don Allah, me ya tambaye ni?"

Ta gyara tabarau, ta dubi bayan Shao yana sauka daga bene.

"Malam, har yau ni 'yar hagu ce. Kana tsammanin don me nake yawo da shi?"