Hannun da Injiniya Ta Ara

"Cire batirin! Tela, cire mana!"

Kafin in fizge wayar, 'yar fankar ta yi ƙara, ta saki siririn hayaƙi, ta tsaya cak. Ƙaurin roba ya cika ɗakin. Na janye hannuna na cusa tsakanin cinyoyina kamar wadda aka kama tana leƙa tukunyar wani.

Injiniya ta tura tabaranta saman goshi, ta jawo abin da na haɗa har kusa da hancinta. Hannunta na rawa, wayoyin na kaɗawa.

"Kin juya ƙafafun," ta ce. "Ƙafa uku ce kacal, amma kin ba wannan aikin waccan. Ta hagu wuta ke shiga, ta tsakiya ƙasa ce, ta dama wuta ke fita. In kika ɗinka hannun riga a wuya, wa zai saka?"

"Yaya, na faɗa miki ni ɗinki na iya."

"Wannan ma ɗinki ne, zaren ne da zafi. Ɗauko wata."

Ƙofarta na kallon tawa a hawa na biyu na benen da muke ciki, shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka. Ta yi shekara ashirin da shida a masana'antar haɗa rediyo har ranar da aka rufe ta, shi ya sa duk benen ke ce mata Injiniya. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Yarta guda ce, tana aikin shari'a a wani gari mai nisa, uwar kuma ba ta kiranta da komai sai Lauya.

Bayan benenmu akwai filin ajiye motoci na wani ofis da ba ya buɗewa ranar Asabar. Nan wasu magidanta ke taruwa suna tseren motocin rimot, kowacce ba ta wuce kwalin takalmi ba. Akwai likitan haƙori, akwai mai gidan burodi, akwai tsohon direban bas mai furfura har gira. Ka gan su da tumbi suna tsalle suna ihu, sai ka rantse jikokinsu ne suka bar musu gadon wasan. Abin da ke damunsu zafi ne. Injin motar kan ɗau zafi ya mutu ana tsaka da tsere. Suka sayo ƙananan fankoki kamar akwatin ashana suka ɗaura a kan injin, sai fankokin suka riƙa ƙonewa, don batirin motar na ba da wuta sama da bolt bakwai, ita kuwa fankar biyar take so.

Wata Asabar Injiniya ta gaji da kallonsu ta taga, ta sauka da silifas ɗinta. Ta karɓi motar Direba, bayan kwana biyu ta mayar masa da ita da wani ɗan ƙulli baƙi a jikin waya, wanda bai kai babban yatsa ba. Regileta ce, ta ce masa, mai rage wuta ta tsayar da ita a biyar. Asabar ta gaba motar Direba ta yi zagaye ashirin ba ta tsaya ba. Sauran suka yi layi a ƙofarta. Ta yi musu alkawarin guda tara kafin babban tserensu na ƙarshen watan zafi.

Guda biyu ta gama ciwon zuciya ya kwantar da ita. Ta yi mako biyu a asibiti, ta dawo da ledar magani da ƙafafu a kumbure, hannunta kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Washegari ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ina kan keken ɗinki.

"Na ga kina zura zare a allura ba tabarau," ta ce. "Ara mini hannunki, ni zan kawo kan."

"Me likita ya ce?"

"Ya ce in shirya. To shirin nake yi. Saura bakwai."

Haka na fara rufe keke ƙarfe huɗu na yamma ina tsallakawa ɗakinta. Teburinta na jikin taga, samansa duk tabon ƙuna. Ta koya mini goge bakin ƙarfen narka dalma a jiƙaƙƙen soso, da yadda ake ɗumama waya kafin a kai mata dalmar. Kowace regileta sai an liƙa mata ƙananan kapasita biyu masu daidaita wuta, ɗaya a mashiga ɗaya a mafita, sannan a ɗaura mata ɗan faifan alminiyam a baya don ya sha zafinta. Faifan daga tsohon marikin labule muke yanko shi. In an gama sai a zura ta cikin baƙar roba, a haska mata wuta, robar ta tsuke ta rungume komai.

"Dalma mai kyau sheƙi take yi," ta kan ce. "In kin ga ta yi dishi-dishi kamar fuskar surukar da ba a gaida ba, sake."

Bayan fankar da na ƙona ban sake ƙona wata ba. Mun gama ta uku, ta huɗu, ta biyar. Duk wadda muka gama sai ta ɗora mata mitar auna wuta, ta sa ni in karanta lambar da ƙarfi. In na ce biyar, sai ta buga tebur da tafin hannu ta ce, "Ina masu cewa mun tsufa?"

Muna kan ta shida Lauya ta iso, da jakar tafiya a hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon hayaƙin dalma yana tashi a gaban fuskar uwarta.

"Umma, mene ne wannan?"

"Aiki ne. Shigo ki rufe ƙofa, iska na sanyaya mana ƙarfe."

"Likita ya ce ki kwanta. Numfashi da kyar kike yi, shi ne za ki zauna kina shaƙar hayaƙi saboda wasan waɗansu ƙatti?" Ta juyo kaina. "Anti, ke ma da girmanki? Na ɗauka ke za ki hana ta."

Na ajiye ƙarfen. Ta zare wayar ƙarfen daga bango, ta jira ya huce, ta kwashe komai na kan teburin ta zuba a kwali, ta ɗora can saman kabad. Injiniya ta miƙe a hankali. Ta dafa bango ta tafi gado.

Kwana uku ban tsallaka ba, kunya ta hana ni. Rana ta huɗu da safe Lauya ce ta ƙwanƙwasa mini, idonta ja.

"Anti, ta ƙi cin komai. Ko shayi sai ta kau da kai. Magana ma ba ta yi mini, ta juya wa bango fuska. Ki zo ki lallashe ta, ke tana jin maganarki."

Na ba ta kujera, na ture yadin da ke kai.

"Ɗiyata, zan faɗa miki gaskiya, in kin ji haushi ki yi haƙuri. Ba za ki iya ƙara mata kwana ba, ni ma haka. Likita ya faɗa mata, ya faɗa miki. Abin da ya rage shi ne inda za ta yi kwanakin, ko a gado tana kallon bango, ko a teburinta tana zagina."

"In ta faɗi a kan teburin fa? Wa za a ce ya bari?"

"A ce ni ce. Ni na yarda."

Ta rufe fuska da tafukanta ta yi kuka mai isarta, na bar ta. Da ta share hawaye ta ce, "Tun ina ƙarama haka take. Ranar da aka ba ni kyauta a makaranta ta zo da ƙunar dalma a riga, na ji kamar in nutse."

"Amma ta zo."

"Ta zo," ta ce, ta ɗan yi dariya. "Har ta gyara musu lasifika."

Da yamma na shiga na tarar da kwalin a kan tebur, taga a buɗe, an kafa babbar fanka tana kora iska waje. Lauya ta jera matasai uku a kujera ta zaunar da uwarta.

"Sharaɗi biyu," ta ce. "Awa ɗaya a rana, kuma sai kin ci abinci kafin a kunna ƙarfe."

"Kin ji lauya," Injiniya ta ce da ni. "Ko a gidan ubanta sai ta kafa doka. Miƙo burodin. Ke kuma Lauya, tunda kin tsaya, riƙe mita. Jar waya a dama, baƙa a tsakiya. Nawa kika gani?"

"Huɗu da ɗigo tara."

"Ya yi. Ashe karatun bai tafi a banza ba."

Mu uku muka gama sauran. Ni da ƙarfe, Lauya da mita, Injiniya da baki. Ta takwas ta ba mu wahala, faifanta na zafi har ba a iya taɓawa, sai Injiniya ta gano kusar ba ta ɗauru ba, ta sa na kwance na sake. Ta tara muka gama ranar Alhamis. A lokacin maganarta ta koma guntu-guntu, tana hutawa tsakanin kalma da kalma, amma sai da ta sa na sake dalmar ƙafa ɗaya.

Ranar Asabar ta ce sai ta sauka. Ƙafafunta ba sa shiga takalmi, matakala kuma ashirin da biyu ce. Lauya ta buɗe baki, ta dube ni, ta rufe. Likitan haƙori da mai gidan burodi suka hau suka ɗauko ta a kan kujerar roba, Direba na gaba yana ba da umarni.

"A hankali, kwana ce! Dama-dama!"

"Kai Direba, rufe mana baki," Injiniya ta ce. "Ba bas ba ce."

Aka ajiye ta a inuwar katanga. Rana ta yi zafi har kwalta na tururi. Motoci goma suka jeru, da aka kunna su sai ka ji fankokin na zuzu kamar ƙudan zuma. Zagaye talatin za a yi. Ban san dokar wasan ba, amma na tsinci kaina a tsaye ina ihu. Motar mai burodi ta kife a zagaye na goma, ya ruga da tumbinsa ya tashe ta. Wata ta cire taya. Amma babu wadda ta mutu don zafi, babu fankar da ta ƙone. Likitan haƙori ne ya ci, Direba ya zo na biyu yana rantsuwa an tare masa hanya.

"Ku kawo su," Injiniya ta ce.

Suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya durƙusa ya ɗaga murfin motarsa. Takan ɗora bayan yatsanta a kan injin, ta gyaɗa kai. Da ta zo kan ta Direba ta ɗan jima.

"Fankarka a karkace take. Gyara kusar hagu."

"To, Mama."

Likitan haƙori ya ce za su ƙara sayen motoci, za a buƙaci wasu regiletocin. Ta nuna ni da haɓa.

"Ga ta nan. Fanka ɗaya tak ta ƙona. Ni a makona na farko uku na ƙona."

Ban taɓa jin wannan ba sai ranar.

Ranar Talata da hantsi Injiniya ta cika. Ina ɗakinta, ina rage wa Lauya tsawon wani siket da hannu. Injiniya na kishingiɗe, ta sha rabin kofin shayi, ta tambaya ko an cire wayar ƙarfen daga bango. Lauya ta ce tun jiya. Ta ce madalla, ta lumshe ido. Mun ɗauka barci ne, har sai da Lauya ta je karɓar kofin daga hannunta.

Mutanen filin sun zo dukansu, sun yi ta hidima har aka kai ta makwancinta. Direba ya tsaya a bakin matakala yana kuka kamar yaro, mai burodi na bubbuga masa kafaɗa.

Bayan mako ɗaya muka kwashe ɗakin. Lauya ta ce teburin da kwalin nawa ne, maza biyu suka tsallaka da su ɗakina, na matsar da keke na ba su wuri. Da na dawo na tarar da ita durƙushe da tsintsiya a gindin taga. Tsakanin tayil da tayil, inda ƙafafun teburin suka daɗe suna rufewa, ƙananan ɗigon dalma ne birjik kamar ƙwayar gero. Ta tattara su a abin kwasar shara, ta miƙe za ta nufi kwando, sai ta tsaya. Rana ta shigo ta taga ta sauka a kansu suna ƙyalli. Ta karkata abin kaɗan, suka gangara gefe ɗaya, ta sake karkata shi suka dawo.