Usur ɗin Matan Banda

Ofishin kare kifi ne ya raba wa matan banda usur, kowacce ɗaya. Dokar ita ce in kin ga masunci da raga mai ƙananan idanu, irin mai kwashe 'ya'yan kifi, ki busa, jami'i zai sauko.

Wata da ake kira Shiru-shiru, wadda ko kaza ba ta iya kora da ƙarfi, ta rataya nata a wuya ta manta da shi. Damuwarta ita ce mai sikeli, mutumin da ke auna musu kifi a bakin ruwa. Duk kifin da ya fito daga ruwa ta hannunsa yake bi, hannun nan kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Wadda ta yi magana sai ta koma gida da kwando wayam, murhunta ya kwana a sanyaye.

Ran nan ya cafki gefen zaninta yana washe baki. Tsoro ya hana ta ihu, sai ta ji usur a bakinta. Fiiit!

Jami'i ya gangaro daga tudu da tumbinsa da ma'auninsa, yana haki.

"Ina ragar?"

"Ba raga, Yallaɓai. Zanina ya ja."

Ya juya fom gaba da baya. "Baiwar Allah, babu gurbin zani a nan. Girman ido ne kawai da sunan mai jirgi."

Ranar Shiru-shiru ba ta samu ko jelar kifi ba, ta yi kuka a gida har ta gode Allah.

Washegari mai sikeli ya taɓa kafaɗar wata. Fiiit! Ya kashe wa wata ido. Fiiit! Kafin azahar jami'i ya sauko sau tara, takalminsa ɗaya ya tsinke. A na goma ya zauna kan kwandon wani, ya ja layi a ƙasan fom da biro, ya rubuta "Hannu".

Ana cikin haka usur ya sake tashi, dogo, mai rawa. Gwaggon Shiru-shiru ce, tsohuwar da haƙoranta ba su fi huɗu ba.

Mai sikeli ya ɗaga hannuwansa sama. "Wallahi Gwaggo, ko kusa da ke ban zo ba!"

"Yau ba ka zo ba," in ji ta. Ta dubi jami'i. "Rubuta, ɗana. Wannan na shekara ashirin da suka wuce ne, lokacin ba ni da usur."