Sabis Ɗin da Ke Ɗaukewa a Motar Baba

Sau uku na canza wa Baba sifikun rediyon motarsa cikin wata biyu, kuma a cikin waɗanda na cire babu mai laifin komai.

Ni gyaran wayar mota nake yi, gareji ɗaya da shi. Shi bakanike ne, shekara arba'in da ɗoriya yana cikin baƙin mai, kuma da kunne ya yi suna. Mutum zai kawo mota yana zuba bayani, Baba ya ɗaga masa hannu ya ce a tayar kawai. Sai ya ɗora bakin dogon sukudireba a jikin inji, ya kara kunne a ƙotar, ya runtse ido. Kafin minti ɗaya ya faɗi abin da ya lalace, a kwance a tarar haka ne.

To, kunnen nan ne ya fara tafiya, kuma kowa a gida ya sani. Inna sai ta kira shi sau uku kafin ya waiwayo. Ƙanwata, da take aikin jinya, ta karɓo masa katin likitan kunne har sau biyu, ya ce lafiyarsa ƙalau, mu ne muke magana ƙasa-ƙasa kamar marasa gaskiya. Tsorona ɗaya ne, kada wata rana ya sallami mota da cuta a jikinta, sunan da ya daɗe yana ginawa ya zube, ko ma a rasa rai.

Ana cikin haka kiɗa ya shigo mana. Wani tsohon malamin makaranta ya kawo motarsa, ana tayarwa sai rediyon ya haɗu da wayarsa, kiɗan Turawa irin na dauri ya tashi, wanda mutum sittin ko saba'in ke zama da goge manya da ƙanana, da sarewa da kakaki, babu mai rera ko kalma ɗaya. Na kai hannu zan kashe, Baba ya doke hannuna. Ya tsaya har aka kai ƙarshe, sannan ya ce bai taɓa jin inji mai silinda saba'in ba sai yau, kuma kowanne yana tashi a kan lokacinsa. A ranar ya sa na saka masa manhajar jin irin kiɗan a waya, na haɗa ta da motarsa. Da na san abin da zai biyo baya da na ce wayar ba ta ɗauka.

Wanda bai san kiɗan nan ba, halinsa ke nan: yana cikin rugugi sai ya sauka, ya sirance, ya koma kamar kukan sauro a ɗaki na gaba, ya daɗe a haka, sannan ya fashe gaba ɗaya. Duk lokacin da ya sauka, sai Baba ya yi tsaki ya ce sabis ya ɗauke. Sai ya murɗe maganar rediyo har ƙarshe, ya ci gaba da tuƙi yana tsine wa kamfanin waya. Can sai mutum saba'in su dawo a tare. Ranar farko sai da na ciji harshena. Wata rana a bakin gareji mai faci ya saki taya ya ruga bayan shago.

Aka bar jaki ana dukan taiki. Muka canza layi. Muka kai wayar wurin mai gyara, ya duba ya ce ba abin da ya same ta, Baba ya ce yaran yanzu ba su iya aiki ba. Na sauke masa kiɗan a cikin wayar yadda ba ya buƙatar sabis ko kaɗan, na ce yanzu sai mu ga wa za a zaga. Ashe ni ne. Ya ce tunda ba sabis ba ne to sifiku ne, da na canza su ya ce tunda ba sifiku ba ne to haɗin wayoyin da na yi ne, akwai inda na bari a kwance. A gaban masu mota yake faɗa, wai tun ina yaro hannuna ba ya ɗaure abu ya ɗauru. Ina da shekara talatin da takwas da 'ya'ya uku, ina tsaye da tef a hannu ana min wannan.

Na yi masa hannunka mai sanda ya fi a ƙirga. Na ce Baba, kiɗan ne fa haka, yakan yi ƙasa. Ya ce shi zan koya wa bambancin ƙasa da babu? Na kai ƙara wurin Inna, ta ce in yi haƙuri, mutumin da kunne ne jarinsa ba a tashi ɗaya ake ce masa ya karye ba. Na ce to ni nawa haƙurin ya kusa karyewa.

Wata Talata wajen ƙarfe sha biyu wata mata ta kawo ƙaramar bas ɗinta, wadda take jigilar 'yan makaranta da ita. Ta ce tana jin wani abu a gaba. Tun tana shigowa na ji shi daga inda nake kwance ƙarƙashin wata mota, wani siririn gurnani daga tayar gaba ta dama, alamar boris, ƙarfen da tayar ke juyawa a kai, ya cinye. Baba ya saurari inji, ya zagaya da bas ɗin bayan layi, ya dawo ya ce lafiyarta ƙalau, hanya ce ba ta da kyau. Mutum biyar ne a zaune a benci suna kallonsa. Na buɗe baki na rufe. Ta yi godiya ta tafi, ni kuma na ji haushin kaina fiye da nasa.

Ba a yi awa ɗaya ba ya ce in raka shi sayen kayan gyara. Shi ke tuƙi, kiɗa na tashi, rana ta take. Muna hawa babban titi kiɗan ya sauka, Baba ya yi tsaki ya soma karatun da na haddace, wai da ya sani da ya kai motar wurin mai gyaran wayar mota na ƙarshen layinmu, shi aƙalla yana jin magana. Nan abin ya kai min wuya. Na ce ya tsaya a gefe. Ban taɓa yi masa magana da wannan murya ba, ina jin shi ya sa ya tsaya. Na kai hannu na kashe injin, na bar rediyon a kunne, na zaro wayar daga inda take maƙale na ɗora masa a tafin hannu, na nuna masa lambobin da ke ƙirga lokaci a ƙasan fuskarta.

"Duba nan, Baba. Kiɗan bai tsaya ba."

Ya ɗauko tabarau daga aljihu ya saka. Lambobin suna ta tafiya, minti huɗu da daƙiƙa goma, sha ɗaya, sha biyu. Gilasai a rufe, inji a kashe, ina jin kiɗan sarai a cikin motar.

"Yanzu ma akwai?" in ji shi.

"Akwai."

"Mene ne?"

"Sarewa ce guda ɗaya, da goge a bayanta."

Bai taɓa rediyon ba. Ya zuba wa lambobin ido har suka kai minti biyar, ni kuwa fushin ya gudu ya bar ni da kunya da tausayi. Da sauran makaɗan suka dawo da ƙarfinsu, ya sa yatsa ya kashe. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Bas ɗin matar nan. Ka ji wani abu?"

Na ce boris ɗin tayar gaba ta dama.

"Tun yaushe?"

"Tun tana shigowa."

"Kuma ka yi shiru." Ya juyo ya kalle ni. "Yara take ɗauka, kai."

Ya duba agogo, saura kaɗan a tashi daga makaranta. Ya lalubo lambarta da kansa, ya kira, ya ɗaga murya kamar yadda ya saba yi a waya kwanan nan. Ya ce mata shi ne bakanike, kada ta ɗauki ɗan kowa, ta ajiye bas ɗin a inda take. Ya ce ɗazu kuskure ya yi, ga shi nan zuwa da ɗansa, ɗan ne zai saurara.

Ta fara ba shi amsa. Ya ɗan riƙe wayar a kunne, ya mayar ɗaya kunnen, sannan ya miƙo min ya ce in ji abin da take cewa.