Shinkafar Cingming

Barau na cikin share bakin rijiya sai ga Hansai mai fura a guje, ko kallabi babu. Ta ja shi gindin tsamiya, taku goma daga rijiyar burtsatsen da Sinawa suka haƙa wa Toranke.

Kwanon shinkafa ne, da sigari uku a kafe cikin ƙasa, da tokar takarda mai irin rubutunsu.  Barau ne mai gadin rijiyar, shi ya rantse wa dagaci ruwan lafiya lau ne, 'yarsa Baiwa ce kuma ta fara sha. Mata har sun fara juye tulunansu, suna cewa tsafi ne. Idan maganar tsafi ta zauna, rijiya ta mutu ke nan, sai a koma tafkin da ke sa wa yara kurkunu.

Ya gane kwanon. Na Cen ne, dattijon da ke tuƙa injin haƙa, wanda suka yi wata shida suna koya wa juna kalmomi. A bakinsa Barau ya ji cewa sallarsu ta sabuwar shekara Cunjiye ce, ta cikar wata kuma Jungciyu. Wannan kam bai taɓa faɗa masa ba.

Ya same shi a bayan tanti. Da guntuwar Hausarsa Cen ya ce yau Cingming, ranar gyara kaburbura. Mahaifinsa ya rasu bayan tahowarsa, ba mai kai masa abinci. A wancan zamanin an hana irin wannan a ƙasarsu. In shugaban ayarinsu ya ji, gida za a mai da shi, abin da zai biyo baya kuwa bai iya faɗa ba.

"Barau, kada ka faɗa."

Kafin ya koma, dagaci da shugaban Sinawan sun iso, gari ya kewaye tsamiya. Aka tambaya ko wane ne mai kwano. Barau ya ji bakinsa na cewa karin kumallonsa ne ya ajiye a inuwa, takardar kuma da ita ya kunna sigari.

Dagaci ya daɗe yana kallonsa. "To, ci mu gani."

Tsoro ya kama Barau har tafin ƙafa. Abincin mamaci ne, mamacin ma na wata duniya. Ya tsuguna, ya yi bisimilla a hankali, ya kai loma. Shinkafar ta yi sanyi ƙalau, kowace loma sai ya yi da gaske take wucewa. Ya cinye tas. Hansai ta tsaya jiran ya faɗi, da ta ga shiru ta sunkuya ta ɗauki tulunta.

Da aka watse, Cen ya zo wucewa kamar bai san shi ba. Barau na wanke kwanon a bakin famfo. Bai ɗago kai ba ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baɗi ka sa wa tsohon naka gishiri."