Ranar da Aka Ɗaga Gidan Saja

"Ku dakata! Kai na kusurwar gabas, gida kake ɗagawa ko jaki kake kora?"

Wasta Subhan ne, tsohon kafintan ƙauyen, yake magana daga kan gadon igiya. Maza goma sha biyu suka tsaya cak, kowa ya kwanta a kan doguwar sandar da ya cusa ƙarƙashin bango. Saja, wadda gidan nata ne, tana tsaye gefe tana kallo.

Gungumen itacen da ke can ƙasan bango, wanda dukan gidan ke zaune a kansa, shi ne ya ruɓe. Saura mako biyu dusar ƙanƙara ta rufe kwarinsu na Gurez, kuma kowa ya ce bana bangon ba zai ɗauki nauyinta ba. Gulzar ɗan Saja, da ya yi shekara uku a birni har ya fara jin kansa injiniya, ya ce a rushe a sa bulo. Ita kuwa a ɗakin nan ta haife shi, a nan aka yi wa mijinta wankan ƙarshe. Da kunya ta je wurin maƙwabcinta Subhan, don ta san kwanansa tara a kwance, ko shayin gishiri ba ya wuce masa.

"Ku kai ni," iyakar abin da ya ce ke nan.

Idonsa ya daɗe da mutuwa, saboda haka ya sa aka manna gadon da bango, ya ɗora tafin hannunsa a jikin itacen.

"Baba, in ya zame fa?" in ji Gulzar. "Ko ƙusa ɗaya babu a jikinsa."

"Ubana ne ya sassaƙa bakin kowane gungume ya ciji ɗan'uwansa. Kai dai danna sandarka, injiniya."

Aka yi dariya, aka danna. Itace ya yi ƙara, ƙura ta zubo, sai Saja ta ga hasken hantsi ya ɓullo ta ƙarƙashin gidanta. Gida sukutum, da rufinsa da tukwanenta da buhunan dankali, ga shi tsaye a kan 'yan guntayen itace. Ko hayaƙin murhu bai fasa fita ba. Sai ta kama salati.

Suka zaro ruɓaɓɓen yana marmashewa kamar tsohuwar gurasa, suka tura sabo mai ƙamshi.

"A hankali. Yamma tukuna, faɗin yatsa ɗaya." Muryar tsohon sai raguwa take, har Saja ta durƙusa ta kara kunne tana maimaita wa mazan. "Gabas. To, ku sake shi."

Gidan ya sauko da wani nishi mai zurfi, ya zauna. Maza suka ɗauki kabbara. Gulzar ya bi bangon da wuƙa yana neman inda za ta shiga tsakanin sabon gungume da na samansa, bai samu ba, ya dawo a guje.

"Baba, wallahi ya zauna daram! Baba?"

Saja ta riga ta gani, rai ya yi halinsa. Ta ɗauke hannun tsohon daga bango, ta kwantar masa a ƙirji, tana hawaye ba ta ko sharewa. Mazan suka ajiye sanduna ɗaya bayan ɗaya.

Ta shiga ɗaki ɗauko mayafin da za a rufe shi. Ƙofar nan da ta shekara bakwai ba ta rufuwa sai an sa kafaɗa, ta biyo bayanta a hankali, ta rufe kanta.